Farantin da Ba Ya Ƙosar da Baƙo

Ranar da kuka zo gidana, ku biyun nan 'ya'yan ƙanwata, kuna nuna mini hotunan abincin ƙasar Isbaniya a waya kuna cewa za ku buɗe ɗan wuri ku riƙa sayarwa, ɗayanku ya ce, "Kawu, ai wannan ba aiki ba ne. Zaitun ne da tsinke." Ban amsa ba, domin na san halina: in na fara magana da zafi sai na kwana ina tunanin ko na ɓata wa wani rai. Shi ya sa na zauna na rubuta. Karatuna bai wuce firamare ba, in kun ga kuskure ku rufa mini asiri.

Abin da kuka gani sunansa tafas. Ƙananan faranta ne, kowanne da ɗan abin taɓawa, ana kawo su ɗaya bayan ɗaya. Na yi shekaru ina yin su a wani gidan abinci a arewacin Jidda, a ƙarƙashin wani dattijo mutumin Isbaniya da muke kira Mu'allim Manolo. Ni kuwa a unguwar Karantina ta nan Jidda aka haife ni, can na girma, can nake komawa in kwana. Da wankin faranti na shiga wurin. Mu'allim ne ya ga yadda nake ɗaga kowane faranti ina duba shi a haske bayan na ɗauraye, ya ce da ni da Larabcinsa mai karyayyen ƙafa, "Ishak, kai mai tsoro ne. Mai tsoro yana iya girki. Zo."

Aikin farko da ya sa ni shi ne wainar dankali. Ba soya dankalin ake yi ba, jiƙa shi ake yi a man zaitun mai ɗumi har ya yi laushi ba tare da ya canza launi ba. A tsame, a zuba cikin ƙwai, a bar su su saba da juna, sannan a juye a kasko. Wurin juyawa ne ake gane mutum. Za ka kifa faranti a kan kaskon, ka ɗora tafin hannunka, ka juya gaba ɗaya da zuciya ɗaya. In ka yi shakka a tsakiyar hanya, ƙwai mai zafi zai gangaro maka har gwiwar hannu. Ina da tabon har yau. Kuma dole cikin wainar ya kasance da ɗan danshi. Ni kuma ina tsoron ɗanyen ƙwai ya ɓata cikin wani a ce ni ne sanadi, sai in ƙara mata lokaci a wuta. Mu'allim ya ɗauki tawa ya ƙwanƙwasa ta a kan tebur ya ce, "Wannan ka kai wa mai faci, tayar mota ce."

Kafin in yarda in taɓa komai a kicin ɗin sai da na bi kwalabe ɗaya bayan ɗaya ina shinshinawa. Na ji labarin cewa a ƙasarsu naman alade da giya ba sa rabuwa da wannan abinci. Na tambaye shi, na sake tambaya, har na ɗauki kwalbar ruwan khal, wato ruwan tsamin da ake jiƙa ƙananan kifi a ciki, na kai wa limamin unguwarmu ya duba. Da Mu'allim ya ji sai da ya riƙe ciki. "Ishak, nan Jidda ce. Ko ina so, a ina zan samo?" Naman shanu yake busarwa da gishiri, ya yanka shi da wata doguwar wuƙa siririya har kana hango yatsanka ta cikinsa. Na ce masa ai wannan ɗan'uwan kilishi ne, yaji kawai ya rasa. Duk da haka ban daina shinshina sabuwar kwalba ba har ranar da aka rufe wurin.

Sai jatan lande, wanda a nan muke ce wa jambari. Ana yin sa a ɗan kaskon ƙasa mai faɗin tafin hannu. Sabon kasko ba a ɗora shi a wuta; sai ya kwana a ruwa, a goge gindinsa da tafarnuwa, in ba haka ba ya tsage maka a gaban jama'a. A zuba mai, a saka tafarnuwa yankakkiya da busasshen barkono. Tsakanin tafarnuwa ta yi ruwan zinariya da ta yi ɗaci, ƙiftawar ido ce. Ba a amsa waya, ba a waiwaya. A jefa jambari, a sauke, a kai tebur yana tafasa yana ƙara. In ya isa tebur shiru, ka makara.

Duk wannan hannuna ya koya. Abu ɗaya ne ya ƙi koyo, shi ne zubawa. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta raine mu a kan cewa baƙo ya cinye kwanonsa tas abin kunya ne ga mai gida. Dole ya ci ya bari. To ga ni an ba ni faranti kamar murfin gwangwani an ce in sa soyayyen ƙwallon niƙaƙƙen naman kaza guda biyu in miƙa wa babban mutum mai gemu. Sai in ji kamar duk Karantina tana kallona. In faki ido in ƙara ɗaya. In ƙara dankali. In danna burodi a gefe.

Mu'allim bai yi mini faɗa ba. Wata rana da yamma ya ja ni bakin ƙofar kicin ya nuna mini wani tebur da na cika wa faranti. "Duba su." Mutum huɗu ne, kowa ya jingina da kujera, biyu sun ciro waya. Ya nuna wani tebur da shi ya zuba wa. Waɗannan sun sunkuyo kan ɗan kasko guda, suna gardamar wa zai dangwale man da ya rage, suna dariya.

"Naka sun ƙoshi," in ji shi. "Shi ke nan, sun gama da juna. Yanzu za su tashi."

Sannan ya ba ni labarin garinsu. Ya ce can ba zama ake yi a ci tafas ba, fita ake yi. Abokai su haɗu da yamma, su tsaya a kantar wannan shago su ci abu ɗaya da ya fi iyawa, su fita, su taka zuwa na gaba. Wannan gwanin kifi ne, wancan gwanin waina. A hanya su tsinci wani aboki, su yar da wani. Ya ce mai shagon da ya ƙosar da kai ya cuci maƙwabcinsa, ya kuma cuce ka, don ya tura ka gida da wuri. Yana faɗa yana kallon titin da ke gaban gidan abincinmu, inda babu mai tafiya a ƙasa, sai motoci. Masu zuwa wurinmu da mota suke zuwa, su zauna, yawancinsu su ce a kawo komai lokaci guda. Akwai wanda ya share faranti bakwai sannan ya kira ni ya ce, "Tayyib, mun ɗanɗana. Ina abincin?"

Labarin nan nasa ne ya sa na yi ƙarfin hali na gayyace shi unguwarmu wata ranar hutu bayan la'asar. Na yi ta fargaba a hanya: kwatami, ƙudaje, yara masu tsokana. Muka fara da Ammu Sale mai tsire, dattijon da tukubarsa take bakin lungunmu tun kafin a haife ni, wanda duk unguwa ke zama a bencinsa. Da ya ga na zo da baƙo Bature sai ya tara tsire a takarda kamar zai ciyar da masu ɗaurin aure. Mu'allim ya zari tsinke ɗaya, ya ci a tsaye, ya lumshe ido, ya yi godiya, ya ce, "Yalla, gaba."

Ammu Sale ya riƙo hannun rigata. "Isiyaku, baƙon nan naka ba shi da lafiya ne, ko naman nawa ne bai yi masa ba?"

Na rasa inda zan sa kaina. Muka wuce wurin mai ƙosai, ya ci biyu. Wurin mai balila, wato dafaffen waken Larabawa da romonsa, ya sha rabin kofi. Wata tsohuwa mai waina ta ɗiga masa miyar taushe a kan guda ɗaya. A kowace ƙofa sai an tsayar da mu, a tambayi mahaifiyata, a tsokane ni, wani ya biyo mu. Kafin magariba mun zama ayari. Da muka zagayo bakin lungu, Mu'allim ya koma gaban tukubar Ammu Sale ya ɗaga yatsa ɗaya. Ammu ya kalle shi, ya kalle ni, ya ce, "Ashe yana da hankali. Wanda ya dawo ya fi wanda ya cinye."

A hanyar raka shi ya sami tasi, Mu'allim ya ce, "Ishak, shekara nawa ina koya maka abin da kake kwana a cikinsa?" Daga ranar hannuna ya daina ƙari.

Shekarar da ta karya mu ita ce ta annoba. Aka hana zama a gidajen abinci. Muka gwada aikawa gida-gida a kwali, amma jambarin da ya yi tafiya a bayan babur ba ya ƙara, kuma tafas ɗin da mutum zai ci shi kaɗai a gaban talabijin ba tafas ba ne. Mai wurin ya rufe. Mu'allim ya koma ƙasarsu. Ya bar mini kaskwanan ƙasa da tulin ƙananan faranta a kwali, ya ce ba za su jure jirgi ba. Ban gama neman wanda zan mayar da iƙamata, wato takardar izinin zamana, hannunsa ba sai ga jan fenti a bangon gidajenmu. Aka rushe Karantina. Ni na sami ɗaki biyu a unguwar Mada'in Fahad. Wasu suka yi arewa can bayan filin jirgi, wasu Makka, wasu suka koma ƙasar da kakanninsu suka baro. Aikin da na samu daga baya a kicin ɗin bukukuwa ne, inda ake juya shinkafa da abin da ya yi kama da shebur. Kwalin Mu'allim yana ƙarƙashin gado.

Mu da muka saba zama a bencin Ammu Sale muka yanke cewa za mu riƙa haɗuwa wata Juma'a a kowane wata, gida-gida. Kowa ranar da ta zo kansa sai ya nuna shi ɗa ne: babban tire na shinkafa, rago a kwance a kai. A sauko daga masallaci, a sha hanya, a zauna, a ce bismillah. Kun san cin tire, ba a magana. Kafin ka ce me, an koma baya ana neman wurin wanke hannu. Shayi ya zagaya, mai gida ya fito da kaskon turare, kowa ya kaɗa hayaƙi a gemunsa. A Jidda kuwa ko yaro ya san ba zama bayan turare. Sai takalma. Tafiyar ta fi zaman tsawo nesa ba kusa ba. Wata bayan wata muna raguwa.

A gidan Abakar ne abin ya fito fili. Abakar Bahaushen Sudan ne, direban tankar ruwa, abokin wasana tun muna yara. Muna sa takalma Ammu Sale ya dafa bango ya ce, "Wata mai zuwa na wa ne?"

Aka ce nawa ne.

"To na Isiyaku zan zo, don uwarsa. Daga shi ku yafe mini. Ɗana ya gaji da ɗauko ni, ni ma na gaji. In ratsa gari guda don in haɗiyi shinkafa in kalli ƙeyar mutane? Shinkafa akwai a gidana."

Duk mun san don shi ake zuwa. Ranar da ya daina, an daina.

Watan nan ban yi barcin kirki ba. Da na gaya wa Rabi, uwar 'ya'yana, abin da nake niyya, ta ajiye abin da ke hannunta, ta kira ni da sunan 'yarmu. "Abu Hafsa, dattawan Karantina za ka ba zaitun a murfin kwalba? A ce gidan wa aka je aka dawo da yunwa? Ni ina da 'yan'uwa a garin nan."

Gaskiyarta ce, kuma tsoron da take ji nawa ya ninka shi. Muka yi sulhu: za ta dafa babbar tukunyar shinkafa da nama ta rufe, in abin ya ɓaci a fito da ita. Na jawo kwalin, na jiƙa kaskwanan a ruwa. Da asubar Juma'a na tafi kasuwar kifi na zaɓo jambari da hannuna, ina danna kowanne.

Suka iso, suka zauna a kan tabarma suna duban inda za a shimfiɗa ledar tire. Na fito da faranta uku: zaitun, burodin da aka goga wa tumatir da mai, da wainar dankali an yanka ta ƙanana. Na ajiye a tsakiya.

Abakar ya leƙa, ya ɗago. "Ya jama'a, Isiyaku ya tsiyace ba mu sani ba. A yi masa karo-karo."

Aka yi dariya, amma ba kowa ba. Wani dattijo ya kawar da kai. Ammu Sale bai taɓa komai ba, yana jan carbi. Na koma kicin gumi na tsiyaya, Rabi ta nuna mini tukunyar da haɓa. Na ce ta dakata. Na ɗora kaskwanan jambari, na tsaya a kan tafarnuwa kamar mai gadin banki, na kwaso su suna tafasa. Ƙarar ce ta fara juyo da kawuna. Kasko ɗaya mutum uku, dole a matso. Abakar ya kai hannu ya ƙone, aka ce Allah ya ƙara. Wani ya ce warin tafarnuwar ya tuna masa da matar nan mai kifi ta bayan masallaci, wani ya ce ba bayan masallaci take ba, kusa da mai gyaran keke take. Gardama ta tashi. Ban taɓa jin daɗin gardama kamar ranar ba.

Na bar su sai da faranta suka yi fes, na ƙara ɗan jinkiri, abin da a da ba zan iya ba. Sannan ƙosai, ɗai-ɗai. Sannan ƙwallon kaza. Na ƙarshe da na shirya shi ne wanda ya fi ba ni tsoro: tsire, 'yan guntaye a tsinken sakace, na gasa a ɗan murhun gawayi a baranda. Kai wa Ammu Sale tsire kamar kai wa liman Fatiha ne ya duba maka. Tun da aka rushe tukubarsa bai ƙara taɓa nama da niyyar gashi ba.

Ya ɗauki ɗaya. Ya juya shi. Ya ci.

"Wa ya koya maka wannan?"

"A wurinka na gani, Ammu."

"Ƙarya kake, ba a wurina ba. Ƙulin ya yi yawa, citta ba ta ji ba, kuma ka bar wuta ta lashe shi. Wannan in Baturen nan naka ya ci, ba zai dawo ba." Ya miƙa wa Abakar hannu. "Tashe ni. Akwai sauran nama?"

Ya yi sallama a ƙofar kicin, ya ce wa Rabi, "'Yata, ba ni citta da faranti mai faɗi." Aka kai masa kujera baranda. Ya naɗe hannun riga. Yatsun nan da ke rawa a kan carbi, da suka taɓa nama sai suka tsaya cak. Mutane suka taso daga tabarma suka cika ƙofar baranda, kowa a tsaye, yana gasawa yana miƙa wa wanda ya ga dama, yana hana wanda ya ga dama. "Kai Abakar ka ci ɗazu, matsa." Aka kira la'asar muka yi jam'i a falo, muka koma. Aka bi lungunan Karantina ƙofa-ƙofa da baki, wa ke nan, wa ke can, wa ya rasu, bishiyar wa ce ta fi inuwa. Ɗansa ya zo ɗaukarsa, ya kira waya daga ƙofar gida, Ammu ya ce, "Je ka yi harkarka, in na gama zan neme ka."

Da rana ta yi ja, tsorona ya dawo. Na duba na ga dattawa sun wuni a gidana babu wanda ya ci abin da za a kira abinci. Na tuna mahaifiyata. Na shiga kicin na ce wa Rabi ta juye shinkafar a tire, ni kuma na sa gawayi a kaskon turare don ya zama a shirye. Na fito da tiren a hannu, nauyinsa har yana lanƙwasa ni, ƙamshin turaren yana biyo ni daga baya.

Ammu Sale ya ɗago daga kan murhu. Ya dubi tiren, ya shaƙi iska.

"Isiyaku, mayar."

"Ammu, ba ku ci komai ba."

"Na ce ka mayar, ka kuma kashe turaren nan. In ka ƙosar da mu, ina za mu je?"

Na tsaya da tire a hannu. Babu wanda ya yi dariya, har Abakar. Na juya na mayar. Rabi ta zuba wa gawayin ruwa.

Bayan magariba, yana sa takalmi, ya ce wata mai zuwa a gidansa za a yi, kuma in zo da 'yan farantan nan nawa, don nasa duk manya ne. Shinkafar Rabi maƙwabta suka ci.

Har yanzu muna haɗuwa. Ba mu kai yadda muke a da ba, kuma babu lungun da za a taka daga wannan ƙofa zuwa waccan. Daga tabarma ne zuwa baranda. Na aika wa Mu'allim hoton Ammu a gaban murhu, ya turo murya yana tambaya ko tukubar tana nan a bakin lungu. Na gaya masa gaskiya.

To ku da kuke son buɗe wuri, ku zo ranar Juma'ar da ta zo kaina. Zan koya muku juya waina da tsaron tafarnuwa, waɗannan wata biyu sun isa. Amma sai kun tsaya a bakin ƙofa da faranti a hannu, dattijo yana kallonku, kunya tana cewa ku ƙara, kun hana hannunku. Ni har yau, duk farantin da zan fitar, sai na cire guda ɗaya da na riga na ƙara.